Katangar Da Ake Naɗewa: Tarihin Asabari, Zana Da Tamfol

Wata shekara kafin annobar korona, gidan rediyonmu ya tura mu Ingal, cikin jihar Agadas, mu ɗauko rahoton bikin lasar gishiri na makiyaya, wanda aka fi sani da Cure Salée, da ake yi cikin watan Satumba idan damina ta fara ja da baya. Mu biyar ne a mota, ni kaɗai ce mace. Duk wanda ya taɓa zuwa wurin ya san yadda filin yake, shimfiɗe kamar faifai, babu kwari babu kurmi, ga jama'a da raƙuma ta kowace kusurwa. Abokan aikina maza, da sun ɗauki buta sun ɗan yi nisa sun juya baya, buƙata ta biya. Ni kuwa kwana biyu na yi ina ƙin shan ruwa da rana don kada fitsari ya matsa mini. Wanka kuma sai dare ya raba, a bayan mota, direbanmu na tsaye can nesa yana yi mini gadi.

A rana ta uku wata ƴar jarida baƙuwa da ta sauka kusa da mu ta lura da halin da nake ciki. Ta zaro wani abu daga jaka mai kama da babban murfin tukunya, ta jefa shi ƙasa, sai ya miƙe da kansa ya zama ɗan ɗaki mai tsayin mutum, da ƙofar zif. Ta ce in yi amfani da shi duk lokacin da na so. Ina cikin yi mata godiya sai ga wata dattijuwa Ba'abziniya da tantinta ke gefenmu ta zo ta shafa yadin, ta girgiza shi, ta ce da ni cikin Hausarta mai gardi: "Ɗiyata, wannan iska ɗaya za ta kai shi Tawa." Ta ja hannuna ta kai ni ta nuna mini nata. Wata doguwar tabarma ce ta siraran karare, an ɗinke ta da zaren fata, an tsayar da ita ta zagaye gadonta. Ta ce tun ranar aurenta take tare da ita.

Tun daga wannan tafiya nake bin diddigin wannan tambaya: mutumin da ba shi da katangar ƙasa, ko don tafiya ce sana'arsa ko don an raba shi da gidansa, da me yake kare kansa daga idon jama'a? Abin da na tattara ke nan nake son in gabatar wa mai karatu.

Asabarin Abzinawa

Tabarmar da dattijuwar nan ta nuna mini, Abzinawa na kiranta asabar ko eseber, gwargwadon karin harshen yanki. Da karan wata ciyawar hamada ake yin ta, wadda suke kira afazo. Mata ke zaɓen kararen masu kauri ɗaya, su jera su, su riƙa ratsa su da siraran zaren fata, gefen sama kuma a yi masa ado da jar fata da koriya da baƙa. Aikin kan ɗauki watanni. Tsayinta kan kai ƙugun mutum ko ya ɗan ɗara, tsawonta kuwa ya isa ya zagaye cikin tanti. Tana tare iska da yashi, tana tare ido, amma wanda ke ciki yana iya hangen waje ta tsakanin kararen. Ranar tashi a naɗe ta kamar gammo mai tsawo, a ɗaure a bayan jaki ko raƙumi.

Wanda ya san Hausa ya riga ya ji inda maganar ta dosa. Asabarin da iyayenmu ke ratayawa a ƙofar ɗaki sunansa daga nan ya fito, domin masana harshe na lissafa shi cikin kalmomin da Hausa ta aro daga harshen Abzinawa, tare da raƙumi da amale da takarda. Mu da muka zauna cikin gari muka rage masa tsawo muka mai da shi labulen ƙofa, su kuwa har yau bango ne a wurinsu.

Wani abin lura shi ne, a al'adar Abzinawa tanti na mace ne. Danginta mata ke haɗa mata shi lokacin aure, da gado da asabari da sauran tarkace, miji kuma shigowa yake yi. In aure ya mutu, shi ke fita ya bar ta da ɗakinta. Kalmar da suke kiran tanti da ita, ehan, ita ce kuma ke shiga cikin maganarsu ta yin aure, kamar yadda mu ma muke cewa yarinya ta tafi ɗakinta. Abzinawan yankin Azawak sun fi yin tanti da fatun awaki da aka jeme aka harhaɗa, na duwatsun Abzin kuma, irin su Kel Ferwan, da tabarmin kaba suke rufe nasu.

Wannan gini ba na jiya ba ne. A shekarar 1353 matafiyin nan na Maroko, Ibn Battuta, ya taso daga Gawo zuwa Takadda, garin tagulla da masana ke dangantawa da kufan Azelik da ke arewa da Ingal. A hanya ya ratsa ƙasar wasu makiyaya da ya kira Bardama, ya kuma bayyana ɗakunansu: itatuwa ake kafawa, a ɗora tabarmi, a gitta sanduna, sannan a rufe da fatu ko yadin auduga. Ya ce ayari ba ya wucewa sai da kariyarsu, kuma a wannan sha'ani maganar mace ta fi ta namiji nauyi. Shekaru fiye da 650 ke nan, amma wanda ya je Ingal a bana zai ga abin da ya yi kama da haka.

Su kuma Fulani Wodaabe, da suke haɗuwa da Abzinawa a wannan biki, nasu ya fi sauƙi. Rassan ƙaya ake sarewa a jera su rabin da'ira a bayan gadon mace, a bar gaban a buɗe yana duban yamma inda garke ke kwana. Rabin bango ne kawai, sauran rabin kunya ce ke tsare shi, domin kowa ya san ta inda ake shigowa da inda ba a bi.

Labulen sarakuna

Talaka na yin shamaki don ya yi wanka, sarki kuwa don ya ƙara kwarjini. A Takadda ɗin nan ne Ibn Battuta ya ba da labarin ƙasar Barno, ya ce sarkinsu mai suna Idris ba ya bayyana ga jama'a, ba ya kuma magana da su sai ta bayan labule. Bayan shekaru 470, a 1823, wani sojan Ingila mai suna Dixon Denham ya kai gaisuwa ga Mai Ibrahim na Barno, ya same shi zaune cikin wani keɓaɓɓen wuri mai shingen itace, yana kallon fadawansa ta tsakanin sandunan. A lokacin ainihin iko ya riga ya koma hannun Shehu Laminu a Kukawa, amma shamakin yana nan. Bahaushe ya ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Sarakunan Barno sun riƙe wannan karatu da kyau.

A wajen addini ma maganar tana da tushe. Ya zo a ingantattun littattafan hadisi cewa a shekarar da aka buɗe Makka, Ummu Hani ta je wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta tarar yana wanka, ƴarsa Nana Faɗima na kare shi da mayafi. Wannan shi ne mafi sauƙin shamakin matafiyi, zane ɗaya da mutum ɗaya da ka yarda da shi. Har gobe haka matanmu ke yi wa juna idan mota ta tsaya a daji tsakanin Maraɗi da Yamai. Kalmar laima ma da muke amfani da ita daga sunan tanti na Larabci ta samo asali.

Zana da zango

Bahaushe manomi ne, amma kuma falke ne. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano da sauran biranen Hausa da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Zugu da Sansanin Mango har Salaga a ƙasar Gwanja, su sayo goro. Tafiyar watanni ce, ƙarƙashin madugu da jagaba, kuma da mata a cikin ayarin, masu dafa abinci suna sayarwa. Duk inda aka yada zango sai a sari ciyawa da rassa a tayar da bukkoki, a kewaye wa mata wurinsu. Zangon da aka saba sauka shekara da shekaru shi ne ya riƙa zama unguwa, shi ya sa har yau a Kumasi da Accra da sauran biranen Ghana ake kiran unguwar baƙi Musulmi da sunan zango. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ƴan kasuwar garin suka watsu zuwa Kete Krachi da wasu garuruwa, zanguna suka ƙara yawa.

Ginshiƙin irin wannan zama shi ne zana. Da gamba ake saƙa ta, doguwar ciyawar nan da ke wuce tsayin mutum. Ana yanke ta bayan ɗaukewar ruwa, a bar ta ta sha iska, sannan masaƙi ya yayyafa mata ruwa don ta yi laushi, ya zauna a ƙasa yana gitta tufka kan tufka har ta kai tsawon da ake so, ya kitse bakinta. A naɗe, a ɗora wa jaki ko amalanke zuwa kasuwa. Kafa ta kuwa aikin hantsi ɗaya ne ga mutum biyu: a haƙa ramuka, a dasa dirkoki, a jingina zana, a ɗaure da igiyar kaba ko ta rama. In gara da awaki sun ƙyale ta, takan yi damina biyu ko uku.

In ka duba rayuwar Bahaushen ƙauye, za ka ga zana na bin sa tun daga haihuwa. A bayanta mai jego ke wankan ruwan zafi. Da ita ake yi wa yaran da aka yi wa kaciya rumfa. Da ita ake kewaye gidan sabon ango kafin ya samu halin yin katanga, da ita ake yin jikin rumbu. Ranar da mutum ya cika, da ita ake kare wurin da za a yi masa wanka. Sunan da muke kiran ban ɗaki da shi ma, makewayi, yana nuna yadda ake kafa ta: ana gitta bakin zana ɗaya ya wuce na ɗaya, ta yadda sai ka kewaya za ka shiga, wanda ke waje kuma ba ya ganin ciki ko da babu ƙyaure.

Maraɗi, garin da ya tashi sau biyu

Garinmu kansa masu gudun hijira ne suka ɗaukaka shi. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Katsina a wajen 1807, gidan sarautar da aka kora ya yi ta yawo, har Ɗan Kasawa ya zo ya zauna a Maraɗi. Gobirawa ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri a kusa. Mutanen da suka zo da abin da kai zai iya ɗauka, a bakin fadamar da ciyawa ta yi yawa, ba sai an faɗa maka da abin da suka fara kewaye iyalinsu ba.

Tashi na biyu kuwa a 1945 ne, lokacin da ambaliyar gulbi ta cinye tsohon gari da ke cikin kwari, hukumar Faransa ta mai da mutane bisa tudu, aka yanka tituna a miƙe. Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, tana yarinya a lokacin. Takan ba ni labari idan ina taya ta tsinke zogale, tana kirana kishiya kamar yadda kakanni ke yi. Ta ce da aka nuna wa babanta filinsa, babu komai a kai sai turaku huɗu. Kafin ya yi maganar ɗakin kwana sai da ya nemo zana ya kewaye kusurwa ɗaya. Mazan gidan suka kwana a fili, mata suka samu wurin kama ruwa. Na tambaye ta dalili, ta dube ni ta ce: "Ke kishiya, mi kika sani? Ruwan sama in ya buge ki, rana ta busar da ke. Ido in ya gane ki, wace rana za ta busar da shi?"

Zamanin tamfol

Farin 1973 da 1974 ya kashe dabbobi ya tarwatsa makiyaya, dubbai suka taru a sansanin Lazare da ke gefen Yamai, da yawansu Abzinawa ne daga Mali da arewacin Nijar. Wanda raƙuminsa da jakinsa suka mutu ba shi da abin ɗaukar tanti da asabari, don haka da yawa suka iso hannu rabbana, wasu kuma suka sayar da kayan ɗakin don su ci. Daga wannan zamani zuwa yau, tantin agaji da tamfol na roba suka zama alamar gudun hijira a ƙasashenmu. Mun sake ganinsu a jihar Difa bayan hare-haren Boko Haram a Boso da Difa a watan Fabrairun 2015, da kuma na Boso a watan Yunin 2016, lokacin da jama'a suka yi jerin bukkoki a bakin babbar hanyar kwalta. Daga 2019 kuma abin ya iso ƙofarmu, da mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka riƙa tsallako iyaka zuwa yankin Gidan Rumji don tsere wa ƴan bindiga.

A ɗaya daga cikin ƙauyukan wannan yanki na je ɗaukar muryoyi. Na shirya tambayoyina a kan abinci da magani, amma da mazan suka tashi suka bar ni da mata, maganar da suka fara yi mini daban ce. An gina musu makewayi da tamfol, amma rana da iska sun yayyage shi, ƙofar babu abin sakayawa, na maza da na mata kuma bango ɗaya suka haɗa. In ka shiga da fitila da dare, inuwarka gaba ɗaya na bayyana a jikin robar. Don haka suka daina shiga. Suna jira sai duhu ya yi su tafi daji su uku su huɗu, a ƙasar da tsoron daji ne ya koro su daga gida. Wata dattijuwa, da na ce mata, "Inna, me kuka fi buƙata?" sai ta ce: "Ɗiyata, a ba mu zana huɗu da igiya. Sauran mun iya."

Abin da ta roƙa ba baƙo ba ne ga masu aikin agaji. Littafin ƙa'idojinsu da ake kira Sphere, wanda ya fara fita a 2000, ya tanadi cewa kada mutum fiye da 20 su haɗu a makewayi ɗaya, kada kuma nisansa da wurin kwana ya wuce mita 50, a raba na maza da na mata, a sa abin kullewa ta ciki. A takarda komai ya cika. Abin da ya rage shi ne a tambayi matan kafin a haƙa ramin, a kuma dawo bayan wata shida a ga abin da rana ta yi wa robar. Na sa muryar dattijuwar a shirina, ban canza ko kalma ɗaya ba. Bayan kwana biyu wasu masu saurare daga kasuwa suka haɗa kuɗi suka aika da zana cike da amalanke biyu.

Aibin zana

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa komai na da ya fi na yanzu. Zana makamashi ce. A watan Afrilun 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a Yamai, ta kashe yara kimanin 20. A watan Nuwamban wannan shekarar irinta ta auku a nan Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Babu wanda ke garin nan a ranar da zai manta. Abin da aka yi don zangon kwana kaɗan, ko don kusurwar gida inda mutum ɗaya ke shiga, bai dace a tara yara masu yawa a cikinsa shekara da shekaru ba, da ƙofa ɗaya.

Ita gambar ma tana ƙaranci. Dajin da ake yankota ya zama gona, shi ya sa manoma da yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram ke barin ta ko dasa ta a kan iyakar gonakinsu, ta zama shaidar iyaka, ta tare zaizayar ƙasa, da kaka kuma a yanka a sayar. Wanda ba shi da kuɗin zana yakan koma ga karan dawa, ko buhunan da aka farke aka ɗinke, ko tsohon zanen matarsa.

Ɗan ɗakin cikin jaka

Shi kuwa abin da baƙuwar nan ta ara mini a Ingal, nasa tarihin gajere ne. Turawa ma sun daɗe da wannan damuwa, domin a Ingila ta ƙarni na 18 da na 19 akwai ɗakunan katako masu ƙafafun amalanke da doki ke ja zuwa cikin teku, don mai wanka ya tuɓe ya shiga ruwa ba a gan shi ba. Abin da ya sauya al'amari shi ne yadin nailan, wanda aka ƙirƙiro a kamfanin DuPont na Amurka a 1935, da kuma siririn ƙarfe ko sandar roba mai lanƙwasuwa da ke komawa yadda take da zarar an sake ta. A 2005 kamfanin Decathlon na Faransa ya fito da tantin da ake jefawa ya buɗe da kansa, irin wannan dabara kuma ita ce a jikin ƙananan ɗakunan wanka da masu yawon shaƙatawa ke ɗauka. Ba shi da nauyi, yaro ma zai iya ɗaukarsa, mace ɗaya za ta kafa shi ba tare da ta nemi taimakon kowa ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma da rana cikinsa kamar tanda yake, in ƙarfen ya karye ba mai gyara shi a ƙauye, kuma dattijuwar Ingal ba ta yi ƙarya ba, domin a daren da za mu taso sai da muka bi shi da gudu.

Na sayi nawa daga baya, yana cikin kayan aikina tare da na'urar ɗaukar murya. Amma ban daina sa zannuwa biyu da igiya a jaka ba, kuma duk ƙauyen da na sauka, kafin in tambayi inda mai gari yake, nakan duba inda mata ke kewayawa. Nan nake gane ko an yi shawara da su.

Roƙona ga masu hannu da shuni da ƙungiyoyin unguwa shi ne, ranar da ambaliya ko tashin hankali ya sake tara mutane a filin makaranta, bayan buhun hatsi da bargo, a tuna da masaƙan zana na kasuwar kusa. Kuɗin zai zauna a gari, matan kuma sun san yadda za su kafa ta. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya mai da kowane mai gudun hijira ɗakinsa lafiya.